Jirgin da Bai Kwana a Gurbi Ba

Idan mutum ya tsufa, duk abin da ya taɓa riƙewa sai a mai da shi gwaninsa. Ni damina ɗaya na yi fito, ita ma ban ga ƙarshenta ba, amma har yau in wani zai sayi kwalekwale a unguwarmu sai a turo shi wurina. Nakan faɗa masa abin da na sani. Kada ka sayi jirgi yana tudu, sai a kan ruwa, ka shiga ka zauna ka ga ko gindinka zai jiƙe. Ka ƙwanƙwasa shi tun daga kai har wutsiya, inda sauti ya mutu akwai ruɓa. Na rimi ba nauyi kuma da araha, amma ba ya tsufa da kai. Na maɗaci zai karya maka baya wajen ja, ɗanka kuwa zai gaje shi. A nan nake tsayawa, a yi mini godiya a tashi. Ragowar maganar ita ce zan rubuta yanzu, don ban taɓa iya faɗinta da baki ba.

Ni mutumin Tsafe ne, ƙasar duwatsu. Ruwan da na sani ina yaro shi ne na rijiya da na ƙorama, wadda takan zo da hauka da safe, kafin la'asar akuya ta tsallake ta. Aure ne ya kai ni Bungudu, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Surukina mai fito ne, gado ya yi wurin ubansa. Shi ya ba ni gona a bakin fadama da filin da na kafa gida.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi tafe sai in tuɓe takalmi in durƙusa, mu gaisa ido a ƙasa, ya wuce. Duk abin da yake so in sani, sai ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa wa 'yarta, 'yar ta kawo mini tare da tuwo. Haka magana take tafiya a gidan, kuma ba ta ɓata a hanya.

Wanda ba ya jin kunyata ko kaɗan shi ne ƙanen matata. Sa'ana ne, shi ke taya ubansa fito, kuma bakinsa ba linzami. Kadangaren Tsafe yake ce mini. In na shiga jirginsu na riƙe gefe da hannu biyu, sai ya girgiza shi da gangan.

"Kadangare, saki mana jirgi, ba dutsen garinku ba ne! Yaya ta auro mana namiji ko ƙullin gishiri, da ke tsoron ruwa haka?"

Mata masu zuwa kasuwa su yi ta dariya. Ni ma in yi, amma tana cina. Shekarar da auduga ta yi mini kyau, na sayar da ita, na haɗa da jakina, na ce sai na mallaki jirgi nawa na kaina.

A ƙarshen damina muka tafi Gusau ni da ƙanen matata, wurin wani masassaƙi da ke aiki a bakin gulbi. Ba zan ɗora wa mutumin nan laifi ba. Ya tura mana jirgin maɗaci a ruwa, ƙanen matata ya shiga ya yi tsalle a ciki, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce ba shi da aibu. Da za mu tafi masassaƙin ya riƙe kan jirgin ya ce mini, "Samari, wanga sassaƙar bana ce, icen bai gama kwanciya ba. Kada ka bari ya ga rani a tudu." Na ce to, hankalina yana kan sheƙin gizago da ke jikin katakon.

Ta ruwa muka gangaro da shi Bungudu, kuma ban taɓa jin daɗin tafiya kamar ta ranar ba. Gulbi ya fara kwantawa, dawa ta yi ja a gaɓa biyu, mata na wanki a kan duwatsu suna yi mana barka. Ƙanen matata ya miƙa mini filafili ya koma ya kishingiɗa, yana koya mini da zagi. Inda ruwa ya yi sumul ya kumbura, dutse ne a ƙasa, kauce. Inda yake ɓulɓula yana surutu, ba zurfi. In za ka ƙetare, kada ka nufi inda kake so ka sauka, nufi sama da shi, ruwa zai kawo ka. Zauna ƙasa, kada ka miƙe kamar mai kiran salla. Muka wuce wani kada yana shan hantsi a kan yashi, ya ce in gaida kawuna. Da muka iso mashigi, surukina yana tsaye. Ya dubi jirgin ya ce, "Allah ya sa albarka," ba tare da ya dube ni ba. Daɗi ya kusa kashe ni.

Gulbinmu ba ya kai rani. Bayan kaka sai ya yanke, ya bar yashi fari da gurabe nan da can. Masu fito suna da al'adarsu. Sukan sa rana, su kai jiragensu babban gurbin da ke ƙarƙashin wani ɓaure, su cika su da duwatsu su nutsar da su. A nan jiragen za su kwanta cikin laka har ruwa ya dawo. Ni da na ga haka sai na ce wannan ai hauka ce. In sayar da jakina in sayi abu mai sheƙi, sannan in binne shi da hannuna kwaɗi su yi ƙwai a ciki? Na tara maƙwabta, muka jera itatuwa, muka jawo jirgin har ƙofar gidana. Na yi masa rumfa ta kara, na shafe shi da man kaɗe. 'Yan'uwana in sun zo daga Tsafe a cikinsa nake zaunar da su, su yi ta shafa shi suna salati.

Ran da aka sa ranar nutsarwa, matata ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa kaɗan.

"Maigida, Baba ya ce gurbi da sauran wuri."

"Na ji. A yi masa godiya."

Aka nutsar da na kowa, nawa yana rumfa. Bayan 'yan makonni ta sake kawo wata.

"Baba ya ce icen da ya saba da ruwa ba ya jure ƙishirwa. Ya ce in kana so, ƙanena zai zo da mutane, ba sai ka fito ba."

"Baba ya ce, ko ke kika ce?"

"Ni mi na sani game da jirgi? A bakin gulbi dai aka yanke mini cibi, shi ke nan."

"In da Baba yana da magana da ni, ai da ya faɗa mini da bakinsa."

Ta dube ni, ta ɗauke kwano ta fita. Ni da ita duk mun san ba zai taɓa faɗa mini da bakinsa ba. Kunyar da yake ji ce ta hana shi, ni kuma na mai da ita garkuwa na laɓe a bayanta. Daga ranar saƙo bai sake zuwa ba.

Da bazara ta kama, wata rana da azahar ina kwance a zaure sai na ji ƙas, kamar an karya kara. Na fita na duba. Cikin jirgin ya tsage a ƙasa, tsawon kamu guda, har ina hango ƙasa ta ciki. Irin wannan tsaga tana gyaruwa. Masu fito sukan kira maƙeri ya ɗaure ta da ƙarfe, a cusa abin cusawa, a jiƙa jirgin ya kumbura ya haɗe bakinsa. Amma yin haka sai gari ya ji, sai surukina ya ji, sai ƙanen matata ya samu waƙar da zai yi mini har in mutu. Na yage hannun wata tsohuwar rigata na cusa da wuƙa. Na dama ƙaro da toka na liƙe, yadda muke liƙe tsagaggen abu a Tsafe, inda ba abin da ke kwana cikin ruwa. Na shafa laka a kai, na shimfiɗa tabarma.

"Tabarma a jirgi?" in ji matata.

"Don masu shiga, kada su ɓata tufafi."

"Allah ya sa tufafin kaɗai ne," ta ce.

Ruwa ya sauka, gulbi ya kawo. Aka tsamo jiragen gurbi baƙi ƙirin, suna warin laka, amma ko ɗigo ba ya shiga cikinsu. Na tura nawa yana ƙyalli, mutane suna rububin shiga don tabarma. Tun a ranar farko na gane ƙaro narkewa yake yi a ruwa. Na ɓoye ƙoƙo a ƙarƙashin cinyata ina kwarfewa in ba mai kallo, in na tashi aiki kuma in jawo jirgin bayan wata ciyawa in sake liƙewa. Kaya marasa nauyi nake ɗauka, kuma ruwa bai yi ƙarfi ba tukuna. Na ce a raina haka za mu lallaɓa har kaka.

Wata safiya aka wayi gari an yi ruwa mai yawa ta wajen Gusau, gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da rassa. Surukina da ɗansa sun ƙetare da mutane, suna can gaɓa suna sauke kaya. Sai ga wani Bafillace, magidanci mai furfura kaɗan a gemu, yana jaye da farar saniya, 'yar maraƙarta na bin ta. Matarsa da 'ya'yansa ƙanana suna cikin waɗanda aka riga aka ƙetarar, ina hango su zaune kan kayansu. Ya yi sallama ya tsuguna yana jiran surukina ya dawo.

Muka taɓa hira. Ya ce ciwon shanu ya bi ta rugarsu ya share masa garke, abin da ya rage ke nan. Nonon saniyar nan matarsa ke kaiwa gari ta samo musu hatsi, maraƙar kuwa ita ce garken gobe in Allah ya so. Za su koma wajen dangin matar ne su yi damina.

Da na bar shi ya jira, da ba abin da zan rubuta yau. Amma na ga ƙanen matata yana hango mu daga can, na so ya ga na ƙetarar da dabba a ranar cikowa.

"Baffa, mi kake jira? Ga jirgi."

Ya taso ya dubi jirgin, ya dube ni. "Kaɗo, jirgin nan naka lafiya yake? Ka ga su ke nan gare ni, ita da uwarta."

"Sabo ne, Baffa, bai shekara ba. Dubi, har da tabarma."

Ya yi murmushi. "Maraƙata ba ta saba da tabarma ba, kada ka lalata mini ita."

Yadda ake ƙetarar da saniya mai ɗa shi ne a ɗaure ƙafafun maraƙin a kwantar da shi a jirgi, don kada ya miƙe ya kifar da mutane. Uwar ba a ja ta, kukan ɗanta take bi ta yi iyo a bayan jirgi. Shi da kansa ya ɗaure maraƙar, yana yi mata magana da Fillanci a kunne. Ni na taya shi ɗaga ta, ni na nuna masa inda zai kwantar da ita, daidai kan tabarma, don nan ne tsakiya.

Mun kai rabin gulbi lafiya, saniya na huci a bayanmu. Sai wani reshe ya bugi gefen jirgi, maraƙar ta firgita ta yi harbi da ɗaurarrun ƙafafunta. Na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, tabarma ta taso tana yawo. Na saki filafili na ɗauki ƙoƙo, jirgi ya juya ya ba ruwa gefe. Bafillacen ya rungume kan maraƙar yana ɗaga hancinta sama yana kiran sunan Allah. Ban san lokacin da muka kife ba.

Da na ɗago kai na ga farin bayan maraƙar yana juyawa a ruwa. Na bi ta, wannan gaskiya ne, na kama kunnenta ya suɓuce. Da ƙafafunta a sake suke da ta yi iyo, ko ɗan akuya yana yi. Ta yi kuka sau ɗaya, ruwa ya tafi da ita. Uwar ta juya za ta bi ta, mai ita yana riƙe da wutsiyarta. Surukina da ɗansa suka iso da jirginsu suka tare ta da gora, suka kora ta gaɓa, sannan ƙanen matata ya cafko ni ta wuyan riga. Ranar bai kira ni kadangare ba, kuma bai sake kira ba har ya bar duniya.

A gaɓa saniya ta tsaya tana fuskantar gulbi tana kuka. Matar Bafillacen ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa da ya gama amayar da ruwa sai ya zo ya dafa ni.

"Sannu, mai jirgi. Ruwa ya fi ƙarfinmu. Na gan ka, ka faɗa bayanta kamar taka ce. Ga shi kai ma ka yi hasarar jirgi saboda ni."

Ya kwance bakin zaninsa zai ba ni ladan fito. Na ƙi karɓa, mutanen da ke wurin suka yi ta yaba mini.

Sai daga baya na san girman abin. Saniyar Fulani ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta ta lashe shi. In maraƙi ya mutu, sukan feɗe fatarsa su cusa mata ciyawa su ajiye a gaban uwar, ta shinshina ta saki. Ya roƙe mu ko fatar ce a samo masa. Ni da ƙanen matata muka bi gaɓa har wajen Karakkai muna tambaya, muna leƙa duk inda ruwa ke tara shara. Ba mu samu ba.

Jirgina kuwa an same shi ya maƙale a cikin ciyawa. Ina tsaye surukina ya sa aka juya shi. Ya tsuguna ya sa yatsa cikin tsagar, ya zaro tsumman, ya duba, ya sa a aljihu. Wani ya ce lalle dutse ne ya buge shi, wani ya ce reshen nan ne. Aka tambayi tsoho, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Ya sa aka ja jirgin zuwa gidansa, aka ajiye a gindin katanga ana zuba wa tumaki dusa, gefen tsagar yana fuskantar bango. Bayan kwana kaɗan matata ta kawo tuwo, a gefen faifan akwai hannun rigata, an wanke shi an ninke.

"Baba ya ce a ba ka, naka ne."

Ban tambaye ta ko ita ta ce ko Baba ya ce ba.

Bafillacen bai yi nisa ba, ya sauka a bayan gari ko saniyar za ta haƙura. Ba ta haƙura ba, nono ya ƙafe, ga shi lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Matata ta ce, "Maigida, ka je ka faɗa masa. Ko gonar fadama ce ka jinginar ka saya masa wata mai ɗa." Na ce zan duba. Abin da na yi shi ne na aika masa da dawa a matsayin sadaka, domin sadaka godiya ake yi mata, biya kuwa sai an faɗi dalili. Kafin kaka na ji ya kai saniyar kasuwar Gusau ya sayar, sun tashi. Ni ma ban sake riƙe filafili ba. Mutane suka ce tsoron ruwa ne ya dawo mini, na bar su a haka.

Shekaru sun wuce, har surukina ya rasu ba mu taɓa yin maganar ba. Wata shekara na je Tsafe gaisuwar rasuwa, a hanyar dawowa na ratsa ta gindin dutse inda ake kiwo. Wani tsoho ya fito daga cikin shanu yana ɗaga sanda.

"Mai jirgi! Ashe kana duniya?"

Shi ne. Ya rame, gemun ya yi fari duka. Na dubi shanun na ce masa barka, garke ya dawo. Ya yi dariya ya ce ko ɗaya ba tasa, na wani attajirin gari ne, kiwo yake yi masa. 'Ya'yansa ma duk suna kiwon na mutane. Ya kira abokan kiwonsa ya nuna ni.

"Kun ga Kaɗon da nake ba ku labari. Shi ya faɗa cikin cikowa don maraƙata, jirginsa sabo ya hallaka, ya ƙi karɓar ko wuri. Irinsu sun yi kaɗan."

Ya ɗauki ƙwarya ya tsuguna gindin wata saniya, ya bari maraƙinta ya fara tsotsa, sannan ya janye shi ya tatsa. Ina tsaye ina kallo, maganar tana bakina. Ba kowa tsakaninmu, ba suruki, ba kunyar da zan laɓe a bayanta. Ya miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu, da ɗuminta da kumfarta, ya ce rabonsa ne na yau, in sha.

Na karɓa na sha. Na ce Allah ya saka da alheri, na kama hanya. Da na sake komawa Tsafe aka ce ya rasu.

To, wanda zai sayi jirgi, ya saye shi a kan ruwa, in rani ya zo ya kai shi gurbi tare da na mutane. In saƙo ya zo masa ta bakin matarsa, ya karɓe shi a yadda ya zo. Wanda kuma zai shiga jirgin wani da abin da ba shi da kamarsa, in ya ga tabarma a shimfiɗe, ya ɗaga ta ya duba, ko da mai jirgin zai ji haushi.